Awon da Aka Manta: Tarihin Rigar Mama da Mai Gajeriyar Gangar Jiki

Akwai wata irin gajiya da mata da yawa ke komawa gida da ita kullum, wadda ba yawan aiki ne ya kawo ta ba. Malama ce da ta wuni a gaban allo, ko ma'aikaciyar banki da ta wuni a kan kujera, ko lauya da ke sintiri tsakanin ofis da kotu. Tun kafin azahar ƙarfen rigar mama ya fara sukar ta a hammata. In ta zauna, ƙasan rigar ya naɗe ya tokare mata ciki. Igiyar kafaɗa kuwa ta matse ta har ƙarshen maɗaurinta, amma ba ta fasa zamewa ba. Da daddare in ta cire, sai ga jan shati kwance a fata. Ta sauya lamba, ta sauya harafi, ta bar mai arha ta sayi mai tsada, abin bai sake zani ba. Daga ƙarshe sai ta yanke wa kanta hukunci cewa jikinta ne ba daidai ba, ta yi shiru, domin ba zance ne da ake yi a bainar jama'a ba.

Da yawa daga cikin irin waɗannan mata abu guda ne ya haɗa su: gangar jikinsu gajeriya ce. Wato tazarar da ke tsakanin kafaɗa da ƙugu ba ta kai wadda masana'anta ta ɗauka kowace mace na da ita ba. Wannan daban ne da gajarta. Akwai doguwar mace da tsawonta duk a ƙafafu yake, akwai kuma gajeruwa mai doguwar ganga. Abin da ya shafi rigar mama tazara uku ce: daga kafaɗa zuwa inda mama ya soma, daga hammata zuwa ƙasan mama, sannan daga ƙasan mama zuwa ƙugu.

Yanzu a dubi takardar da ke liƙe a bayan rigar. An rubuta 34C, ko 38D, ko 80B. Lambar tana nufin kewayen ƙirji, harafin kuma yana nufin yadda mama ya ɗara wannan kewayen. Dukkansu awon faɗi ne, babu ko ɗaya da ya ce uffan game da tsayi. Akwai lokacin da masu ɗinka wa mata kayan ciki suka san muhimmancin wannan awo na uku, har suna rubuta shi a jikin hajarsu. Yadda ya faɗi a hanya labari ne da ya ratsa shagunan teloli, da yaƙe-yaƙe, da ofisoshin ƙididdiga na gwamnatin Amurka.

Zamanin da tufa ke bin jiki

Tallafe ƙirji da yadi tsohon abu ne. A tsibirin Sisili na Italiya akwai wani katafaren gidan Rumawa na ƙarni na 4, wanda aka ƙawata daɓensa da ƙananan duwatsu masu launi. A wani ɗaki an zana 'yan mata suna motsa jiki, kowacce ta ɗaure ƙirji da ƙyalle. A shekarar 2008 kuma, ana cikin gyaran tsohuwar fadar Lengberg a Ostiriya, aka tono tarin tsummoki a ƙarƙashin katakon bene. A cikinsu akwai rigunan lilin masu aljihu biyu na mama, waɗanda binciken Jami'ar Innsbruck ya nuna cewa na ƙarni na 15 ne.

Ƙyallen Rumawa naɗa shi ake yi, don haka mai shi ce ke zaɓar inda zai zauna da yadda zai matse. Rigar Lengberg kuwa ɗinkin hannu ce, ta zamanin da ake yanka tufa don mutum guda. Mu ma mun san wannan hikima a ɗaurin ƙirji: zane ɗaya ne doguwa da gajeruwa za su ɗaura, kowacce ya zauna mata, domin hannunta ne ke yin awon a duk lokacin da ta ɗaura.

Daga ƙarni na 16 matan Turai masu hali suka shiga zamanin koset, irin rigar nan mai tauri da ke matse jiki daga ƙirji zuwa ƙugu, wadda yanzu ta dawo a ɗinkin amarenmu. A da, ana ƙarfafa ta da wani abu mai kama da ƙaho da ake cirowa daga bakin manyan dabbobin teku, daga baya aka koma ƙarfe. Koset ta wahalar da mata, wannan ba abin musu ba ne. Amma taurinta ya tilasta wa masu yin ta kula da tsayi. In ta fi gangar mace tsawo, samanta zai soki hammata, ƙasanta ya soki cinya, zama ya gagara. Saboda haka ko bayan da keken ɗinki ya yaɗu a tsakiyar ƙarni na 19, aka fara ɗinka koset da yawa a masana'antu, ba a sayar da ita da lambar ƙugu kaɗai ba. Kundayen tallar kantunan Amurka na ƙarshen wannan ƙarni suna jera koset mai gajeren ƙugu, da matsakaiciya, da mai dogo, da mai dogo ƙwarai. Matar da ke ƙauye, wadda za ta aika da kuɗi ta gidan waya a aiko mata, ta san cewa tsayin gangarta na cikin abin da za ta duba.

Da aka raba koset gida biyu

A baje kolin duniya da aka yi a birnin Faris a 1889, wata mai sana'ar koset Bafaranshiya, Herminie Cadolle, ta nuna koset da aka raba biyu. Ƙasan yana riƙe ƙugu, saman yana tallafe ƙirji da igiyoyin kafaɗa. Ba a daɗe da shiga sabon ƙarni ba aka fara sayar da saman shi kaɗai.

A Amurka, sunan da aka fi tunawa shi ne Mary Phelps Jacob, 'yar masu kuɗi a birnin Niyok. Tana shirin fita liyafa ta ga ƙashin koset ɗinta ya leƙo ta wuyan rigarta mai shara-shara. Sai ita da mai yi mata hidima suka haɗa hankici biyu na siliki da zirin ƙyalle, suka yi wata 'yar riga marar nauyi. A ranar 3 ga Nuwamba 1914 ta samu takardar mallakar wannan ƙirƙira, daga baya ta sayar wa kamfanin koset na Warner a kan dala 1,500. Ba ita ce ta farko ba, domin an yi rajistar ire-irenta da dama kafin ta, amma tata ta zo a kan gaɓa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tura mata aiki a masana'antu da ofisoshi, inda koset ke hana sunkuyo, ga shi kuma ana buƙatar ƙarfe don makamai.

A nan ne awon tsayi ya fara sulalewa, kuma ba da mugun nufi ba. Rigar mama ta wancan lokaci 'yar ƙyalle ce mai laushi, ba ƙarfe, ba ƙashi. A shekarun 1920 ma yayin da ake yi shi ne mace ta danne ƙirji ya baje kamar na yaro. Abin da ba shi da tauri ba ya sukar kowa, don haka ba wanda ya ga dalilin tambayar tsawon ganga. Ƙarama, matsakaiciya, babba: wannan ya wadatar.

Wata tela mai suna Ida Rosenthal, wadda ta yi ƙaura zuwa Amurka daga yankin Minsk na daular Rasha, ba ta gamsu da wannan yayi ba. Ita da abokiyar sana'arta Enid Bissett suna da shagon ɗinki a Niyok, suka lura rigunansu ba sa zama da kyau a kan ƙirjin da aka danne. Tare da mijin Ida, William, suka ɗinka 'yar rigar ciki mai kofi biyu da roba a tsakani, suna ba da ita kyauta ga duk wadda ta sayi riga. Mata suka riƙa dawowa neman kyautar fiye da rigar. Daga nan kamfanin Maidenform ya samo asali a 1922. Abin lura shi ne, a shagon tela aka haifi kofin, inda mai sayen ke tsaye a gaban mai ɗinkin, ana ganin kafaɗarta da hammatarta. Da kasuwa ta buɗe, sai ya zama dole a ɗinka wa dubban matan da ba za a taɓa gani ba.

Harafi da lamba

A 1932 kamfanin S. H. Camp na Amurka ya fito da haruffa huɗu, A, B, C da D, don rarrabe girman mama da yadda ya sauka. Kafin shekarun 1930 su ƙare Warner ma ta ɗauki haruffa, sauran kamfanoni suka bi sahu. Sannu a hankali tsarin ya daidaita a kan abin da muka sani yau: lamba don ɗamarar da ke zagaye ƙirji, harafi don bambancin da ke tsakanin ɗamarar da kewayen mama, kusan inci ɗaya ga kowane harafi.

Ga ɗan kasuwa, tsarin ya yi. In yana da lambobi shida da haruffa huɗu, iri 24 zai ajiye na kowace riga a kowane launi. Da zai ƙara tsayi kala uku, sun zama 72. Kowane iri yana buƙatar yankansa, da gurbinsa a kanti, da jarin da zai kwanta a kansa. Sai aka bar wa igiyar kafaɗa aikin cike giɓin: doguwa ta sassauta, gajeruwa ta matse.

Wannan dabara ta yi aiki muddin rigar na da laushi. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙarfe ya sake wadata, rigar mama mai lanƙwasasshen ƙarfe a ƙasan kofi ta mamaye kasuwa a shekarun 1950. Nailan ya riga ya shigo tun ƙarshen shekarun 1930, sannan a 1958 masanin sinadarai Joseph Shivers na kamfanin DuPont ya samar da zaren nan mai miƙewa da ake kira Lycra. Rigar ta ƙara ƙarfi, ta ƙara kama jiki. Taurin koset ya dawo ta bayan gida, amma awon tsayin da ke tafiya da shi bai dawo ba. Ƙarfen yana da tsawonsa da ba ya canzawa. Ƙarshensa ɗaya yana hawa ƙashin tsakiyar ƙirji, ɗayan yana hawa gefen haƙarƙari ya nufi hammata. Igiyar kafaɗa ba ta iya rage masa ko santimita ɗaya. In tazarar da ke tsakanin ƙasan mama da hammata gajeriya ce, to babu inda kan ƙarfen zai tsaya sai cikin nama.

Matar da ba a taɓa haifa ba

To wane jiki ne masana'antu suka sa a gaba da suke yanke tsawon ƙarfe da faɗin gefe? Amsar ita ce matsakaicin jiki, kuma wannan tunani yana da nasa tarihin. A 1835 wani masanin taurari da lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya kawo ra'ayin “matsakaicin mutum”: a auna jama'a da yawa, a tara, a raba, abin da ya fito shi ne ainihin siffar mutum, saura kuwa karkata ne daga gare ta. Ɗaya daga cikin misalansa shi ne awon ƙirjin sojojin Sikotilan sama da 5,700. Sojoji ne kuma suka fara cin gajiyar tsarin, domin a yaƙin basasar Amurka an ɗinka kakin dubban maza bisa 'yan lambobi kaɗan, daga nan kasuwar tufafin maza ta ɗauka.

Na mata ya fi wuya. A tsakanin 1939 da 1940 Ma'aikatar Noma ta Amurka, ta hannun sashenta na kula da tattalin gida, ta auna mata kusan 15,000, kowacce awo 59. Ruth O'Brien da William Shelton suka jagoranci aikin, rahoton ya fito a 1941. Yana da naƙasu biyu da aka daɗe ana ambata. Matan da suka zo 'yan sa-kai ne da ake ba ɗan ihisani, don haka marasa hali sun fi yawa, a ƙarshen shekarun fatara. Na biyu, bayanan farar fata kaɗai aka yi lissafi da su. Baƙar mace ko an auna ta, ba a sa nata a ciki ba.

Duk da haka rahoton ya gano wani abu da ya shafi zancenmu kai tsaye. Ma'aunan tsayi suna tafiya da junansu, ma'aunan kewaye ma suna tafiya da junansu, amma alaƙar da ke tsakanin rukunan biyu ba ta da ƙarfi. Sanin kewayen ƙirjin mace ba ya gaya maka tsawon bayanta. Shi ya sa da gwamnati ta fitar da mizanin lambobin tufafin mata a 1958, ta raba su zuwa doguwa, matsakaiciya da gajeruwa. Mizanin na ganin dama ne, kamfanoni suka yi ta kauce masa, har aka janye shi a 1983. Rigar mama kuwa dama ta riga ta kama hanyarta da lamba da harafi, kuma har yau babu wata doka da ta tilasta wa kamfanoni biyu su yi 34C iri ɗaya.

Daga irin waɗannan alƙaluma ne likitan mata Robert Dickinson da masassaƙi Abram Belskie suka sassaƙa mutum-mutumin wata budurwa a farkon shekarun 1940, suka sa mata suna Norma, wato mizani. Kowane sashe na jikinta matsakaicin awon dubban mata ne. A 1945 gidan adana kayan tarihin kiwon lafiya na birnin Cleveland, tare da wata jaridar garin, suka sa gasa don nemo macen da ta fi kama da Norma. Mata kusan 3,900 suka aiko da awonsu. Ma'auni tara aka duba, kuma ba a samu ko ɗaya da ta dace da duka taran ba. Waɗanda suka faɗa matsakaici a ma'auni biyar ma ba su kai arba'in ba. Wadda aka ba kyautar ta fi saura kusa ne kawai. Maimakon a zargi mutum-mutumin, sai masu sharhi da dama suka zargi matan Amurka da rashin kula da jiki.

Shekaru kaɗan bayan haka rundunar sojan saman Amurka ta ci karo da wannan gaskiya. Wani matashin jami'i, Gilbert Daniels, ya ɗauki awon matuƙa jirgi 4,063, ya zaɓi ma'auni goma, ya nemi mutum nawa ne matsakaita a duka goman. Bai samu ko ɗaya ba. Da yake rayuka da jirage masu tsada ne a kan layi, ba a ce matuƙan su gyara jikinsu ba. An umarci masu ƙera jirage su yi kujeru da matakan ƙafa da ake iya matsarwa. Matsala ɗaya ce, hukunci biyu.

Telar da ta lura da ƙugu

A ƙarshen shekarun 1940 wata mai zayyana tufafi a Niyok, Hannah Troy, ta lura da wani abu a kantuna: mata suna gwada riguna, suna ta jan kafaɗa da ƙugu don rigar ta zauna. Ta nemi awon matan da suka yi aikin soja a lokacin yaƙi ta duba, sai ta ga cewa gajeren ƙugu ba baƙon abu ba ne, ya zama ruwan dare. Ta fara ɗinka riguna da aka ɗaga musu ƙugu, ta kira su da kalmar Faransanci “petite”, ma'ana 'yar ƙarama. Kalmar ta karɓu, amma ma'anarta ta zame. A yau kantuna na nufin macen da tsawonta bai wuce ƙafa 5 da inci 4 ba, a sashen rigar mama kuma sau da yawa ana nufin mai ƙaramin ƙirji. Mace mai cikar ƙirji da gajeriyar ganga ta faɗa tsakanin kujeru biyu na kasuwa, ba ta nan, ba ta can.

Yadda masana'anta ke aiki ya ƙara tsananta mata. Ana zayyana riga ne a lamba guda ta tsakiya, wadda a al'adance 34B ce, a gwada ta a jikin mace guda, sannan a riƙa ƙara ko rage awo bisa ƙa'ida don samar da sauran lambobin. Ƙa'idar tana ɗauka cewa in kofi ya ƙaru, komai ya ƙaru: ƙarfe ya ƙara tsawo, gefe ya ƙara tudu, tsakiya ta ƙara hawa, igiyoyi su ƙara nisa da juna. Amma mama na iya ƙaruwa bayan haihuwa ko ƙiba, ƙashin haƙarƙari kuwa yana nan yadda Allah ya halicce shi.

Abin da ya iso kasuwarmu

Wannan gado ne ke rataye a shagunan Kantin Kwari da Sabon Gari, yake kuma jibge a tulin gwanjo. A tuli ɗaya za a tarar da tsari uku. Ɗamarar da Ingila ke kira 34, yawancin Turai na kiranta 75, Faransa kuma 90. Haruffan ma bayan D kowa da hanyarsa. Galibi babu ɗakin gwaji, kuma kunya ba ta barin a tsaya dogon bayani da mai shago, musamman in namiji ne. A kayan lefe kuwa dangin ango ne ke saye da dozin, bisa lambar da aka faɗa a waya ko aka kintata da ido. Amarya ta shiga ɗaki da akwati cike, wataƙila biyu ne kacal za su zauna mata. Zanen aro dai ba ya rufe katara, kuma rigar da aka yanka a kan jikin wata aro ce ko da kuɗinki kika saya.

Sanin wannan tarihi yana da amfani a aikace, domin yana nuna inda za a duba. Abu na farko shi ne kuskuren da aka fi yi. Macen da ƙarfe ke suka takan ɗauka rigar ta yi mata kaɗan, sai ta bar 34C ta koma 36C. Amma harafi ba shi da girma tsayayye, yana bin lambar da ke gabansa. Kofin 36C ya fi na 34C girma, ƙarfensa ya fi tsawo. Wanda ya yi daidai da 34C a cika shi ne 36B ko 32D. Ta ƙara lamba ke nan ta ƙara tsawon abin da ke sukar ta, ga ɗamara ta yi sako-sako. Ɗamarar ce ke ɗauke da mafi yawan nauyi, in ta saki sai nauyin ya koma kafaɗa, bayan rigar ya haye sama.

Abu na biyu, tef ɗin awo mafari ne kawai. Tsohuwar ƙa'idar ƙara inci huɗu a kan awon ƙasan mama an gaje ta ne daga zamanin da yadi ba ya miƙewa sosai. Masu binciken lafiyar mama a Jami'ar Portsmouth ta Ingila sun nuna cewa wannan hanya takan ba mace ɗamarar da ta yi mata yawa da kofin da ya yi mata kaɗan. Shawararsu ita ce a duba wurare biyar a jiki: ɗamara ta zagaya a miƙe ba ta haye baya ba, kofi ya ɗauke mama duka ba tumbatsa ba rami, ƙarfe ya bi ƙasan mama bai hau kansa ba, tsakiya ta kwanta a kan ƙashin ƙirji, igiya ta zauna ba ta nutse a kafaɗa ba.

Mai gajeriyar ganga sai ta ƙara da awon da takardar ba ta rubuta ba. Ki auna daga ƙasan mama zuwa inda hammata ke naɗewa in kin sauke hannu, ki riƙe wannan adadi, ki gwada shi da tsayin gefen duk rigar da za ki saya. Ki nemi mai gajeren ƙarfe da gefe marar tudu. Irin wadda kofinta rabi ne, ko wadda tsakiyarta ta yi ƙasa sosai, ta fi zama a gajeren ƙirji fiye da mai rufe mama har sama. Ki duba igiya: wata rabinta kawai ake iya matsewa, wata kuwa maɗaurin na tafiya tun daga baya har gaba, ita ce taki. In kafaɗarki ba ta da faɗi, wadda igiyoyinta suka matso tsakiya ko suka haɗu a baya ba za ta riƙa zamewa ba. Mai faɗin ɗamara da ke sauka zuwa ciki takan naɗe da zarar an zauna. Mai soso da aka gasa a siffa guda ba ta rage tsayi don kowa, mai ɗinki a kofi ta fi bin jiki. In ƙarfe ya ƙi, akwai marasa ƙarfe masu ƙarfin ɗamara da ke riƙewa sosai. Kuma kada a yanke hukunci a tsaye. Ki zauna, ki sunkuya kamar mai ruku'u, ki ɗaga hannu, domin a zaune ne ganga ke ƙara gajarta. Ciwon da bai tafi ba bayan an sauya riga, ko ƙullutu, ko canji a fata, wannan na likita ne.

Akwai kuma wata dama da muke da ita wadda matan ƙasashen da suka ƙirƙiro lambobin suka kusa rasawa. A garuruwanmu tela bai zama abin alfarma ba. Duk macen da ta taɓa kai ɗinkin atamfa ta san ana auna ta daga kafaɗa zuwa ƙasan mama, daga kafaɗa zuwa ƙugu, a rubuta a littafi kusa da sunanta. Awon da masana'anta ta zubar tun shekarun 1930 yana nan a littafin telarki. Rage igiya da inci ɗaya ko biyu, matso da ita tsakiya a baya, rage tsawon ɗamara, duk aikin 'yan mintoci ne ga mace mai keke. Ƙarfe ne kaɗai ba a yankewa, shi sai dai a zaɓe shi daidai tun a shago.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shatin da ke hammata da yamma bayani ne game da rigar, kuma ya fi takardar da ke bayanta gaskiya. Lamba da harafin an tsara su ne don sauƙin lissafin kanti, a wata ƙasa, kusan shekara casa'in da suka wuce, a kan jikin da ko a Cleveland an neme shi ba a samu ba. Macen da ta san haka za ta shiga kasuwa da awo uku a hannu, ta ajiye duk rigar da ba ta cika su ba, ba tare da ta ga laifin kanta ba.